Braimah a Gaban Motoci Goma Sha Ɗaya

Braimah ya yanke shawarar zama ciyaman ɗin ƙungiyarmu ta masu son mota ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kuma bai nemi shawarar kowa ba. Ya shigo garejin Yaw da ke bayan Concourse Village a Bronx, inda muke zama, ya sami tsohuwar taya ya zauna, ya sanar da mu cewa tunda na ce zan sauka saboda gwiwa da ido, kujerar ta sami mai ita.

Ƙungiyar ba wata babba ba ce. Mu ashirin da uku ne, 'yan Gana da 'yan Nijar, direbobi da masu shago da masu aikin kula da tsofaffi. Muna da guruf a waya. Wanda ya je filin gudun mota ya turo hotuna, wanda motarsa ke wani kuka ya ɗauki kukan ya turo a saurara, wanda zai sayi birki ko taya ya tambaya. Cikin birnin nan babu inda mutum zai taka mota son ransa, sai an fita gari tafiyar awa biyu zuwa wani fili da ake buɗe wa kowa ranar Asabar. Ciyaman shi ke magana da masu filin da sunan ƙungiya, kuma in gardama ta tashi kan kayan gyara, abin da ya faɗa shi ne ƙarshe. Wannan ƙarshen maganar shi Braimah yake so.

Mutumin Kumasi ne, shekara ashirin da biyu yana tuƙa baƙar motar haya a Bronx. A guruf babu wanda ya kai shi ba da shawara. In ka tambayi wane man inji za ka zuba, zai turo maka murya ta minti tara, rabinta labarin yadda ya taɓa sayen koko a Kumasi ya sha shi da zafinsa a Tamale. Duk hoton da aka turo daga fili sai ya samo masa aibu. Wannan ya shiga kwana da wuri, wancan ya riƙe sitiyari kamar mai jin tsoronsa. Shi dai ƙafarsa ba ta taɓa taka filin ba. Kullum da dalili, yau fasinjan filin jirgi, gobe sunan ɗan wani, jibi ciwon baya.

Wanda mutane suka fi zato shi ne Kadri, mutumin Maraɗi mai shagon kayan waya. Ya je fili ya fi sau ashirin, kuma ba ya magana sai ta kama. Ranar ta kama.

"Bon, Alhaji, ba mu ƙi ba," in ji shi. "Amma wanda zai yi ciyaman, ya kamata a ce tayarshi ta taɓa hilin ko sau guda."

Braimah ya yi dariya har tayar da yake kai ta motsa.

"Massa, ni da na tsufa a kan titin Cross Bronx. Wuri babu rami, babu bas, babu ɗan keke mai kai abinci, shi za ka tsorata ni da shi? Asabar ta mako mai zuwa ku zo da kyamara. Lahadi ku zo da ƙuri'a."

Aka tsaya a kan haka.

Mota ɗaya gare shi, ita ce ta hayar, don haka ita ta shiga uku. Ranar Litinin ya yi odar wani fiffike irin wanda ake ɗora wa motocin tsere a baya. Da ya iso ya fi but ɗin faɗi da kusan kamu ɗaya kowane gefe. Braimah ya ɗaure shi da kansa a bakin garejin. Yaw, wanda Asante ne amma a zango ya tashi, ya fito yana goge hannu, ya zagaya motar sau ɗaya, ya ce masa abin ya juya baya. Braimah ya ce Yaw makanike ne, shi kuwa direba ne, kuma kowa ya tsaya a kan abin da ya sani. Yaw ya ce to.

Ranar Laraba ya sa aka yanke salansa don inji ya numfasa, in ji shi. Da ya tayar da motar a gindin ginin da suke zaune, ƙararrawar motoci huɗu ta kama kuka lokaci guda. Wata Hajiya Ama da ke hawa na uku ta leƙo ta taga ta tambaye shi ko jirgin da zai kai shi Makka ne ya zo ɗaukarsa har gida. Ya ce mata nan da Lahadi za ta yi alfahari da maƙwabtaka da shi. Ta ce in ya kai Lahadi a ginin.

Matarsa Zuhura, wadda ke aiki a gidan kula da tsofaffi, ta tambaye shi da me zai fita aiki ranar Litinin in motar ta lalace. Ya ce ranar Litinin ciyaman ne shi. Ta ce ciyaman ma yana cin abinci. Daga nan sai ta nemi hutun Asabar a wurin aiki, ta ce tana so ta gani da idonta.

Ranar Asabar mu takwas muka je, sauran suna wurin aiki. Braimah ya yi mana jagora duk hanya, da lamba ɗaya da ya yanka da farin salatif ya liƙa a ƙofofin gaba.

A filin, kafin mota ta shiga sai an duba ta, kuma sai an kwashe duk abin da zai iya tashi a ciki. Mai dubawar ya ce a buɗe ƙofofi. Aka fara fito da kaya. Dadduma da buta, carbi biyu daga jikin madubi, shimfiɗar kujera ta duwatsun katako, lemar ruwa guda bakwai da fasinjoji suka manta, wayoyin caji iri-iri, katan ɗin ruwan roba, da takalmin mace ƙafa ɗaya wanda Braimah ya daɗe yana yi wa Zuhura bayaninsa a tsaye a wurin. Mai dubawar ya zo kan fiffiken ya kama shi da hannu ɗaya ya girgiza don ya ji ƙarfinsa. Fiffiken ya biyo hannunsa. Ya miƙa wa Braimah, Braimah ya miƙa wa Yaw, ya ce daman iska ta yau ba ta fiffike ba ce.

Hular kwanon da ya zo da ita ta wani mai kai abinci a keke ce, aka ce ba za ta yi ba. Kadri ya cire tasa ya ba shi. Ta yi masa kaɗan, don ya ƙi cire hularsa ta zanna a ƙasa, sai da Yaw ya danna ta daga sama da tafin hannu.

Daga nan aka tara sababbin shiga aka yi musu bayani. Dokar ba ta da wuya. Ba tsere ake yi ba, babu na ɗaya babu na ƙarshe. Babu wanda zai wuce wani sai na gaban ya miƙo hannu ta taga ya nuna masa gefen da zai bi. In aka kaɗa maka shuɗiyar tuta, akwai wanda ya fi ka sauri a baya, ka ba shi hanya. In aka kaɗa baƙa, ka fito daga fili. Kuma duk abin da ya faru, ba a tsayawa a tsakiyar hanya. Duk lokacin da ake wannan bayani Braimah yana can baya ya tsare wani Bature mai jar mota, yana nuna masa cewa tayoyinsa sun yi faɗi da yawa.

Kowane sabon shiga ana haɗa shi da malami da zai zauna a gefensa. Nasa wani dattijo ne siriri mai ladabi. Braimah ya gaishe shi ya buɗe masa ƙofar baya. Dattijon ya dubi ƙofar, ya dubi Braimah, ya zagaya ya zauna a gaba.

Motoci goma sha biyu ne a rukunin nasu. Yadda aka yi ya zama na gaba a layin fita, ban gani ba, amma wanda ya yi shekaru yana kutsawa layin motocin haya a filin jirgi ba ya rasa hanya. Aka ɗaga musu hannu, suka shiga.

Muna tsaye a jikin shinge. Ƙarar motar ta cika filin, har masu aiki suna toshe kunne. Gudun ne dai bai zo ba. Da ya nufi kwanar farko sai muka ga fitilar sigina ta hagu tana ƙyaftawa. A kwana ta biyu ta dama. Kadri ya cire tabarau ya goge ya mayar.

Kafin zagaye na farko ya ƙare, motoci huɗu sun taru a bayansa. A na biyu suka zama tara. A na uku duk goma sha ɗayan suna bin sa a jere, hanci a wutsiya, har da jar motar mai faɗin taya, babu mai ikon wucewa don hannu bai fito ta taga ba. Akwai wata kwana da Yaw ya kafa kyamararsa a kan ƙafa uku don ɗaukar hoto. Duk lokacin da Braimah ya iso wurin sai mu ga fitilar birki ta kama, motar ta koma tafiyar rakiyar gawa, na baya duk su taka birki, sai ya wuce kyamarar sannan ya sake ba ta wuta.

Aka fara kaɗa masa shuɗiyar tuta. Ya danna hon sau biyu ya ɗaga wa mai tutar babban yatsa ta cikin gilashin gaba. A rumfar mai tuta ta gaba aka sake kaɗawa, ya sake danna hon. Zuhura ta buɗe kular wake da shinkafa da ta zo da ita, ta zuba a faranti, ta zauna a kan katan ɗin ruwan tana ci tana kallo.

Zagaye na huɗu aka fito da baƙar tuta. Ya wuce ta. Zagaye na biyar wani ma'aikacin filin, ƙato mai rigar lemo, ya gaji. Ya ajiye tutar, ya matso bakin shingensa, ya ɗaga hannu sama tsaye yana kallon motar. Braimah ya kunna sigina, ya ratse daidai gabansa, ya tsaya cak.

Ƙarar birkin motoci goma sha ɗaya ba abin da mutum zai so ji ba ne sau biyu. Biyu suka faɗa ciyawa. Allah ya kiyaye babu wadda ta taɓa wata. Aka ɗaga jar tuta ko'ina, aka rufe filin rabin awa. Muka hango dattijon malamin ya fito daga motar, hula a hannu, ya ratsa ciyawa a ƙafa bai waiwaya ba.

Shugaban filin ya kira ni da Kadri ofis. Kadri ne ya yi maganar, ya daɗe yana ba da haƙuri da Turanci, ranar na ji ya yi maganar da ta fi ta shekara guda. A ƙarshe aka yarda ƙungiya ta ci gaba da zuwa, da sharaɗin baƙar motar nan da mai ita iyakarsu bakin ƙofa.

Da muka fito mun tarar da Braimah a tsaye ya dafa motar, hular kwano har yanzu a kansa don ta ƙi fita, yana ba sauran labari. Zagaye biyar yana gaba, babu wanda ya iya wuce shi ko da taku ɗaya. Masu tuta suna ta yi masa jinjina. Ya tsaya ne don ya ga bawan Allah ya ɗaga hannu cikin damuwa, kuma shi ba zai wuce mai neman taimako don cin kofi ba. Hassada ce ta sa aka hana shi komawa, kuma ya saba.

Yaw ya yi kuskure ɗaya. Don a yi dariya ya tura hoto a guruf, baƙar mota mai lamba ɗaya a gaba, motocin alfarma goma sha ɗaya a jere a bayanta. Bai rubuta komai a ƙasa ba. Kafin mu hau gadar shiga gari hoton ya kai Kumasi ya dawo. Mutum goma sha biyar da ba su je ba suka yi ta turo barka. Wani ya rubuta cewa daman ya san bakin Alhaji ba banza yake ba. Wani ya ce an gama zaɓe. Kadri ya karanta a wayarsa ya mayar aljihu. Ni kuwa mai barin kujera ba ya nuna wanda yake goyon baya, sai na kashe wayata.

Lahadi bayan la'asar garejin ya cika. Braimah ya zo da farar babbar riga. Waɗanda suka je fili suka yi ƙoƙarin bayyana dokar miƙa hannu, aka ce musu ai hoto ba ya ƙarya. Yaw ya rantse shi ya ɗauki hoton kuma ya san abin da ya ɗauka, aka ce daman tun maganar fiffike yake jin haushin Alhaji. Ƙidayar da na yi a raina ta nuna Braimah zai ci da rata.

Ana cikin haka Zuhura ta shigo karɓar kularta da aka bari a motar Yaw. Ta gaishe mu, ta tsaya ta ɗan saurara.

"Maigida," ta ce, "me zai hana ka nuna musu na kyamarar cikin motarka? Su ji har muryarka, kowa ya huta."

Motocin haya da yawa suna da kyamara mai ɗaukar ciki da waje saboda rigimar fasinja. Braimah bai kalli abin da tasa ta ɗauka ba. Mutumin da ya yi shekara ashirin da biyu yana faɗin abu ɗaya ba ya jin kansa in ya faɗa. Ya yaba wa hankalin matarsa a gaban jama'a, ya je da kansa ya ciro katin, ya ce Yaw ya saka a talabijin ɗin bango da muke kallon ƙwallo, kuma a ƙure murya.

Ga Braimah, kumatu sun matse cikin hula. Ga dattijon a gefe. Ta gilashin baya ana ganin motoci suna taruwa. Dattijon ya ce masa cikin ladabi ya miƙa hannu ya ba na baya hanya. Braimah ya ce, "Yessa," ya ci gaba. Ya tambayi dattijon ko yana son ruwa, sannan ya tuna an kwashe ruwan, ya ba shi haƙuri. Dattijon ya sake cewa ya miƙa hannu. "Yessa." Ya tambaye shi wace tashar rediyo yake so. Dattijon ya ɗaga murya, ya nuna tagar, ya nuna hannunsa, ya kwatanta yadda ake yi. Braimah ya gyaɗa kai, sannan ya yi ƙasa da murya ya ce da Hausa, "Fasinjan gaba duk haka suke. Kowa ya fi direba sanin hanya."

A garejin wani daga baya ya yi tari.

Sai ga kwanar Yaw. Braimah ya hango ƙafa ukun ya taka birki, kan dattijon ya yi gaba ya dawo. "Kyamara," in ji Braimah na cikin talabijin. "Mil ashirin da biyar. Ba za ku turo mini tikitin tara ba koraa, ko kaɗan." Braimah na cikin garejin ya ce Yaw ya ɗan tura gaba, wannan wurin babu wani abin kallo. Yaw ya ce rimot ɗin ya lalace. Yana hannunsa.

Aka kalli zagaye biyar ɗin duka. A na huɗu dattijon ya daina magana, ya riƙe marfin ƙofa da hannu biyu. Sai ga ƙaton mai rigar lemo da hannu a sama. Aka ji ƙaf-ƙaf ɗin sigina, aka ji motar ta tsaya, aka ji ƙarar buɗe makullin ƙofar baya. Braimah ya miƙo kai ta gaban dattijon ya leƙa taga.

"Ina zuwa, Massa? Manhattan ko filin jirgi?"

A bayan muryarsa ana jin birkin motoci goma sha ɗaya. Dattijon ya kwance bel ya buɗe ƙofa. Braimah ya bi shi da murya mai daɗi irin ta sallamar fasinja, ya ce ya duba kada ya manta kayansa, kuma in ya ji daɗin tafiyar ya ba shi taurari biyar a waya.

Ban taɓa ganin Kadri yana dariya da hawaye ba sai ranar. Wanda ya rubuta cewa an gama zaɓe ya zame daga benci ya zauna a ƙasa. Hajiya Ama, wadda ta biyo Zuhura ta tsaya a bakin ƙofa, ta tambaya ko za a iya tura mata bidiyon, tana da 'yan uwa a Kumasi da suka ga hoton jiya. Braimah ya miƙe ya ce duk wanda ya kalli abin da idon gaskiya zai shaida babu motar da ta wuce shi. Yaw ya ce haka ne, kuma babu motar da ke wuce motar kwasar shara a titin da ba shi da faɗi. Braimah ya ce ladabi ga fasinja ba laifi ba ne. Kadri ya goge ido ya ce ba laifi ba ne, Alhaji, sai dai mutumin bai ce zai je ko'ina ba.

Na ce a yi zaɓe. Kadri ya sami ashirin da ɗaya. Braimah ya sami biyu, tasa da ta wani tsoho mai gadi da ya yi aikin kwana, wanda ya farka daga gyangyaɗi ya ɗaga hannu yana tambayar inda makullin bayi yake. Braimah ya ce a ƙidaya ta. Aka ƙidaya.

Zuhura ta ɗauki kularta, ta ce masa gobe Litinin, ta fita.

Kadri ba mai wulaƙanta mutum ba ne. Hukuncinsa na farko a kujera shi ne cewa akwai 'yan ƙungiya da ke son zuwa kallo ranar Asabar amma ba su da mota, kuma ana bukatar wanda zai riƙa kai su bakin ƙofar filin ya dawo da su lafiya. Ya ce kowa ya ga shaida yau cewa babu wanda ya kai Alhaji kiyaye doka da kula da fasinja. Braimah ya gyara wuyan riga. Ya tambaya ko muƙamin yana da suna. Kadri ya ce direban ƙungiya. Braimah ya ce a rubuta Babban Direba. Kadri ya ce a rubuta.

Da aka watse ya rako ni har bakin titi, yana riƙe mini hannu saboda gwiwar.

"Baba, ka dai gani," ya ce. "Cikin mutum ashirin da uku, ni kaɗai aka ba muƙamin da sai an iya tuƙi."

Na ce masa na gani.